Yadda dattijo zai fara rubutu a Facebook

Baba, da farko ka buɗe shafin da lambar wayarka, ba ta jikanka ba. Za a turo maka wasu lambobi ta saƙon waya. Shigar da su, amma kada ka faɗa wa kowa, ko da ya rantse daga kamfanin yake.

Sai kalmar sirri. Rubuta ta a littafin lissafin fanshonka, ka kulle a durowa. Ban da shekarar haihuwa, don ita 'yan damfara ke fara gwadawa.

Ƙara girman rubutu a saitin wayar, saboda ido.

Rubutun farko kuwa, ɗauko abin da ka gani da idonka, kamar yadda aka bar fam da sule aka koma naira a 1973. Layi biyar sun isa.

In wani yaro ya yi rashin kunya, toshe shi kawai.