Yadda Za Ka Ɗauki Hoto Mai Zurfi da Wayarka, Ka Kalle Shi Ba Tabarau

Miƙa hannunka ka ɗaga babban yatsa, ka saita shi da wani abu mai nisa, ko bishiya ko ƙofar gida. Rufe idon hagu, sannan ka buɗe shi ka rufe na dama. Za ka ga yatsan yana tsalle gefe da gefe alhali hannunka bai motsa ba. Tsakanin idanun babban mutum akwai tazarar santimita 6 da 'yan kai, shi ya sa kowane ido da irin abin da yake gani, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa biyun ta fitar maka da kusa da nesa. A kan wannan aka gina hoton 3D, wato hoto mai zurfi. Tun a 1838 Charles Wheatstone ya nuna haka a Ingila da madubai biyu da zane biyu, shekara guda kafin a bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa.

Ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, amma wannan darasin ba ya neman komai sai waya mai kyamara, ko Itel ce ko Tecno, da benci da rula da guntun kwali.

Fara da zaɓen abin da za ka ɗauka, domin a nan aka fi yin ɓarna. Sai abin da ba ya motsi, kuma ya zama akwai na kusa, da na tsakiya, da na can baya. Ni na fi son tsakar gidanmu: turmi a gaba, rumbu a tsakiya, kuka a bayan danga. Ka kori kaji da awaki tukuna, don in akuya ta ɗaga kai tsakanin hoton farko da na biyu, wurin zai riƙa yi maka walƙiya a ido. Iska ma haka take yi da ganye. Da hantsi ko bayan la'asar ya fi, lokacin da inuwa ke fito da siffar abu. Ranar da hazo ya sauka kuwa ka haƙura.

Ajiye benci kamar mita 2 daga turmin. Tsayar da wayar a kan bencin, ka danna fuskarta ka riƙe kan abin da kake so har ta kulle haske, yawancin wayoyi suna yin haka. Ɗauki na farko, wannan na idon hagu ne. Sai ka zame wayar zuwa dama santimita 6 da rabi, ka ɗauki na biyu. Zamewa na ce. Kada ka juya ta, kada ka ɗaga, kada ka karkata. In babu benci, ka manna gwiwar hannu a jikinka, ka ɗora nauyinka a ƙafar hagu ka ɗauka, ka mayar da shi ƙafar dama ka sake ɗauka.

Masu wannan sana'a suna da ma'auni mai sauƙi: ka raba nisan abu mafi kusa gida 30, abin da ya fito shi ne tazarar. Ƙwaryar da ke nisan santimita 60 tana son santimita 2 kacal. Gini mai nisan mita 6 yana son santimita 20. In kuwa duwatsun Dutse kake hange daga bakin hanya, sai ka yi taku da yawa tsakanin hotunan biyu. Da irin wannan dabarar masu zana taswira suka daɗe suna gane tudu da kwari daga hotunan jirgin sama. Yara sukan zarce ma'auni don suna ganin zurfin zai ƙaru, amma abin da ke biyo baya ciwon kai ne.

Yanzu ka jera hotunan biyu gefe da gefe da kowace manhajar haɗa hotuna. Ka duba da kyau bakin turmin ya zo a layi ɗaya a duka biyun, kada wani ya ɗara wani tsayi.

Kallon hanya biyu ne. Ta farko: na hagu a hagu, na dama a dama, ka kwantar da wayar, ka tsayar da kwali mai tsawon kamar taƙi ɗaya a tsakanin hotunan, ɗaya bakin yana taɓa hancinka. Ka saki idanunka kamar mai hangen abu a bayan wayar. Kada faɗin kowane hoto ya wuce tazarar idanunka. Ta biyu ba ta son kwali: ka musanya su, na dama ya koma hagu. Ka sa yatsa tsakanin fuskarka da wayar, ka zuba masa ido, kana matso da shi a hankali har hotunan su zama uku. Na tsakiyan shi ne naka. Janye yatsan ka ɗan jira. Turmin zai fito ya tsaya a gaba, rumbu ya ja baya, har ka ga sarari tsakanin danga da kuka. Wata ɗalibata da ta fara gani sai da ta kai hannu za ta taɓa. In ka ga na kusa ya nutse na nesa ya taso, to ka jera su a baibai ne, sai ka musanya.

Allunan waya da na kwamfuta da kamfanoni ke yi, masu nuna hoto mai zurfi ba tare da an sa tabarau na musamman ba, aikin wannan kwalin suke yi. Wasu suna da shinge na siraran layuka a gaban allo, mai ɓoye wa kowane ido rabon ɗan'uwansa. Haka na'urar wasa ta Nintendo 3DS take, wadda ta fito a 2011, shekarar da LG da HTC ma suka fitar da wayoyi masu kyamara biyu da irin wannan allo. Wasu kuma roba ce mai ƙananan kunyoyi kamar na gona, kowace kunya tana karkatar da haske zuwa ido ɗaya. Ka san ta a jikin rular yara mai hoton da ke canzawa in an karkata ta. Matsalar tsofaffin allunan ita ce sai ka kafe kanka wuri ɗaya, kuma kowane ido rabin kyan allon yake samu. Na yanzu an sa musu kyamara mai bin idon mai kallo tana gyara hoton nan take. Sony ya fitar da irinsa a 2020, Google kuma ya nuna nasa na hira ta bidiyo a 2021 da sunan Starline, ya sake masa suna Beam a 2025.

Waɗannan za su daɗe ba su iso kasuwar ƙauye ba, kuma ni ban ga dalilin jiransu ba. Zaurukan ƙasa masu zanko da zanen magina suna ta rushewa ana mayar da su na bulo da kwano. Hoto ɗaya yana daddale zanen ya zama kamar fenti, biyu kuwa suna riƙe tudunsa da kwarminsa. In akwai irin wannan zauren a garinku, ka nemi izinin maigidan, ka ɗauke shi sau biyu kafin damina, ka ajiye hotunan na asali ba wanda WhatsApp ya matse ba.

Kada ka wuce minti kaɗan kana kallo, in ido ya gaji ka huta. Ba kowa ne zai gani ba. Mai ido ɗaya ba zai gani ba, wanda idonsa ɗaya ke kaucewa ma da wuya. In yaro ya yi ta gwadawa abin ya ƙi, kada a yi masa dariya. Ka rufe masa ido ɗaya bayan ɗaya ka sa shi karanta rubutun allo, in ka ga bambanci ka faɗa wa iyayensa su kai shi asibitin ido.