Darasi na Tara: Mashigin Hormuz da Sunansa a Turanci

Duk mai sauraron labaran duniya a rediyo ya sha jin ana ambaton mashigin Hormuz, musamman idan farashin man fetur ya tashi. Mashigi siririn ruwa ne da ke tsakanin ƙasa biyu, wanda yake haɗa wani teku da wani. Ku kwatanta shi da lungu tsakanin gida biyu, wanda ake bi daga wannan titi a ɓulla wancan.

Na Hormuz yana da Iran daga arewa, Oman daga kudu. Shi ne ya haɗa Tekun Fasha da Tekun Oman, kuma inda ya fi matsewa faɗinsa bai kai kilomita 40 ba. Ta nan manyan jiragen ruwa ke fito da man Saudiyya da Iraƙi da Kuwait da iskar gas ta Katar. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha ta wannan lungu yake bi.

Da Turanci ana ce wa mashigi strait. Harafi shida ne: s, t, r, a, i, t. Cikakken sunan kuma shi ne the Strait of Hormuz.

Wajen furuci ake fara tuntuɓe. Hausa ba ta jera baƙi uku a farkon kalma ba tare da wasali ba, don haka harshe sai ya ƙara nasa, a ji mutum ya ce "sitiret". Maganin abin shi ne a faro daga ƙarshe. Ku ce "reit" sau biyar. Ku ɗora t a gaba, ya zama "treit". Sannan ku ja s kamar hucin maciji, ku faɗa kan sauran ba tare da tsayawa ba. Malami ya bi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, domin idan aji ya amsa gaba ɗaya, kuskure yakan ɓuya cikin amo.

Akwai kalma biyu da ke rikita masu koyo. Straight, wato miƙaƙƙe, furucinta ɗaya ne sak da strait, amma ita harafi takwas gare ta, da g da h a ciki waɗanda ba a furta su. Kunne ba zai raba su ba, sai ido. Street kuwa titi ne, ana jan "i" a tsakiyarta.

Wajen rubutu, kada a bar the a baya. Hausa ba ta buƙatar irinta a gaban suna, shi ya sa ake yawan mantawa da ita. S da H manyan baƙaƙe ne saboda sunan wuri ne, of kuma da ƙanana.

Sai abin da ya fi muhimmanci, wato yadda ake sa sunan a jimla. Idan jirgi ya ratsa mashigin daga wannan teku zuwa wancan, through ake cewa: The ship passed through the Strait of Hormuz. Idan kwale-kwale ya ƙetara daga gaɓar Oman zuwa gaɓar Iran, sai a ce across. Wanda ya sa ɗaya a gurbin ɗaya ya sauya wa jirgin hanya ke nan.

Kada kuma a kira mashigin Suwez da strait. Shi mutane ne suka haƙa shi a Masar, aka buɗe shi a 1869, don haka canal ne. Strait halittar Allah ne.

Aikin aji: a kafe taswirar duniya a allo, kowa ya nemo siririn ruwan da ke tsakanin Maroko da Sifaniya, wanda ya haɗa Bahar Rum da Tekun Atilantika. Inda ya fi matsewa faɗinsa wajen kilomita 14 ne. Sunansa Gibraltar, daga Larabci Jabal Ɗariƙ, dutsen Ɗariƙu ɗan Ziyad wanda ya ƙetara da rundunarsa a shekarar 711. Ku rubuta cikakken sunan mashigin da Turanci sau uku a littafinku, sannan ku ƙirƙiri jimla biyu, ɗaya da through, ɗaya da across.