Yadda Abokai Za Su Shirya Doguwar Tafiya a Bas Daga Katsina

Idan abokai huɗu ko biyar suka yanke shawarar ɗaukar jakar goyo su fita ganin gari, alal misali daga Katsina zuwa gandun namun daji na Yankari da ke Jihar Bauchi, abin da ya kamata su fara yi tun kafin maganar kuɗin mota shi ne zaɓen jagora. Hadisi ya koyar da cewa idan mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu, kuma duk wanda ya taɓa ganin abokai suna musu a tsakiyar tasha alhali mota tana cika zai fahimci amfanin hakan. Bayan jagora sai ma'aji, wanda za a damƙa wa kuɗin karo-karo na mota da abinci da masauki, yana rubuta duk abin da ya fita. Kada a tara kuɗin a aljihu ɗaya. A bar mafi yawa a asusun banki, a riƙe tsabar kuɗi kaɗan a hannun mutum biyu, domin a ƙauyukan hanya sabis yakan ɗauke, transfa ta ƙi tafiya.

Abu na biyu shi ne raba tafiyar zango-zango. Tsakanin Katsina da Kano akwai kimanin kilomita 170, ta Charanchi da Kankiya da Tsanyawa da Bichi, sannan daga Kano zuwa Bauchi akwai kimanin kilomita 300, daga Bauchi kuma sai an ƙara fiye da kilomita 100 kafin a isa masaukin baƙi da ke cikin Yankari. Wanda ya taso daga Daura zai bi ta Kazaure ya faɗa Kano. A Kano ma akwai ɓata lokaci, domin motocin Katsina galibi a wajen Ƙofar Ruwa suke saukewa, su kuwa masu neman motar Bauchi sai sun ratsa gari da a daidaita sahu zuwa Unguwa Uku. Saboda haka shawarata ita ce a kwana a Bauchi, a ƙarasa washegari da safe.

A nan ne nake son in tsaya sosai, domin shi ne ginshiƙin maganar: tafiyar rana kawai za a yi, kuma daga cikin tasha. Halin tsaro a wasu hanyoyin jiharmu da maƙwabtanta ba ɓoyayye ba ne, kuma yana sauyawa daga mako zuwa mako, don haka a je tasha da yammacin jajibirin tafiya a tambayi direbobi da 'yan yuniyon labarin hanya, domin su ne suke bin ta kullum. A yi sammako bayan sallar asuba a kama motar farko, ko ta hukumar sufuri ta jiha, KTSTA, ko ta 'yan ƙungiya. Motar da aka tare a bakin titi tana da araha, amma babu wanda ya san direbanta, babu kuma takardar da ta nuna wa ya shiga. A tasha kuwa ana rubuta sunan fasinja da lambar wayar wani ɗan'uwansa, kuma wajibi ne kowa ya cike wannan takarda da gaskiya, ba ya rubuta lambar da ta zo masa a ka ba. Kafin mota ta tashi, jagora ya tura lambarta zuwa gida.

A duba motar da ido kafin a biya. Idan tayoyinta sun suɗe, ko an yi mata lodin buhuna har bayanta ya zauna, a haƙura a jira ta gaba. Idan ku da yawa ne, ɗaukar shata yakan fi sauƙi, tunda ku za ku faɗi inda za a tsaya, amma a yi cinikin a gaban shugabannin tasha. Ka'idar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ce kada bas ta wuce gudun kilomita 80 a awa a kan babbar hanya, ko kilomita 90 a kan tagwayen hanya. Idan direba ya wuce gona da iri, a yi masa magana cikin ladabi, a ce masa "Malam direba, don Allah a sassauta, ba sauri muke yi ba", kuma a faɗa da murya ɗaya, domin direba yakan raina ƙorafin mutum guda. Lambar gaggawa ta hukumar ita ce 122.

Game da kaya, jaka biyu ta isa. Babbar jakar goyo, mai tufafi da dardumar salla da gidan sauro, ta shiga but, a tsaya a ga inda yaron mota ya sa ta. Ƙaramar kuwa ba ta barin cinya, kuma a cikinta ne katin shaidar ɗan ƙasa da waya da caja da fawa banki da magani za su zauna, domin a shingen jami'an tsaro ba a son mai dogon lalube. Idan lokacin hunturu ne, wajen Disamba da Janairu, a sa rigar sanyi da takunkumi a kusa saboda iskar asuba da ƙura.

Guzuri ya zama busasshe: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi da ruwan gora. A guji fura da nono ko abinci mai yaji da safiyar tafiya, tunda direba ba zai tsaya wa cikin mutum ɗaya sau uku ba. Kada kuma a karɓi abin ci ko sha a buɗe daga baƙon da ba a sani ba, sai dai a yi godiya a ce an ƙoshi.

Salla ba ta da wuya ga matafiyi. A mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48, wato kimanin kilomita 80, tana halatta ƙasaru, a yi azahar da la'asar da lisha raka'a biyu-biyu. A duk tsayawa, mutum ɗaya ya zauna da kaya har sauran su idar, sannan jagora ya ƙirga mutanensa kafin a rufe ƙofa.

Idan aka sauka Bauchi, a kira gida, a nemi masauki tun da sauran rana, sannan a tsayar da motar da za ta kai ku Yankari, a kuma daidaita da direbanta a kan ranar da zai dawo ɗaukarku, domin ba a cika samun motar haya a cikin gandun ba.