Babi na Shida: Idan Takarda Mai Kalmar Sirri Ta Ƙi Buɗuwa Bayan Waya Ta Sabunta

Darasi na ɗaya: Abin da ya canja

Iyayena da 'yan'uwana masu koyo, a ajujuwan yamma na unguwannin Nima da Mamobi a Accra ana yawan kawo wannan ƙorafi: banki ya aiko da takardar bayanin asusu ta imel, a watan jiya ta buɗu lafiya lau, amma tun daren da wayar ta mutu da kanta, ta sake tashi da sabon fasali, takardar ta ƙi buɗuwa. Wannan mutuwa da tashi shi ne sabuntawa, kuma kamfanin da ya ƙera wayar ne yake aiko da shi ta intanet, ko Tecno ce, ko Infinix, ko itel, ko Samsung, ko iPhone.

Ku kwantar da hankalinku, takardarku ba ta lalace ba, kuɗinku kuma suna nan. Ku dubi sunan takardar, za ku ga haruffa uku a ƙarshensa, PDF, wato sunan irin wannan takarda da ake aikowa ta waya. Wanda ya aiko da ita ne ya kulle ta, kuma kullin yana jikinta, kamar adaka mai kwaɗo wadda aka ɗauke daga wani ɗaki zuwa wani: ɗakin ne ya canja, makullin jiya shi ne na yau. Abubuwan da sabuntawa takan taɓa su ne madannan da kuke rubutu da su, da manhajar da ke buɗe takarda, da izinin da manhajar take da shi na ganin abin da ke ajiye a waya.

Darasi na biyu: Wace kalmar sirri ake nema?

Lambobin da kuke buɗe fuskar waya da su daban ne, lambobin sirri na MoMo, wato asusun kuɗi na waya, daban ne, kalmar sirrin takarda ita ma daban ce. Idan ƙaramin akwati ya fito a tsakiyar allo da rubutun Turanci mai cewa Password, ta ukun yake nema. Kada ku taɓa sa lambobin MoMo a wannan akwati, kuma duk wanda ya kira ku ya ce daga banki yake, ku faɗa masa su don ya buɗe muku takarda, ɓarawo ne, ku kashe kiran.

Ku koma cikin saƙon da ya zo da takardar, ku karanta shi tun daga gaisuwa har ƙasa, domin a nan mai aikowa yakan bayyana yadda ya haɗa kalmar. Wani wurin yana amfani da wani yanki na lambar asusu, wani kuma da ranar haihuwa. Idan kun ga DDMMYYYY, ana nufin lambobi biyu na rana, biyu na wata, huɗu na shekara. Wanda aka haifa ranar 5 ga Maris 1968 zai rubuta 05031968. Sifirin da ke gaban 5 da wanda ke gaban 3 suna cikin lissafi, idan aka bar ɗaya takardar ba za ta buɗu ba. Ranar da aka rubuta a takardun banki ake nema, ko da a gida kun san wata daban.

Kafin ku taɓa waya, ku rubuta kalmar da biro a littafinku, harafi ɗaya bayan ɗaya.

Darasi na uku: Rubuta kalmar daidai

A nan mafi yawanku suke faɗuwa, don haka za mu daɗe a nan. Ba rashin kai ba ne, masu digiri ma suna tuntuɓe a wannan wuri.

Ku taɓa cikin akwatin sau ɗaya, madannai za su taso daga ƙasa. Kada ku fara rubutu tukuna, ku dubi madannan. A gefen hagu akwai alamar kibiya mai kallon sama. Idan ta yi haske ko ta cika da launi, harafin da za ku danna zai fito babban baƙi. Ga takarda mai kulli, babban A da ƙaramin a haruffa biyu ne mabambanta. Idan kalmarku ta fara da ƙaramin baƙi, ku danna kibiyar har ta dushe, sannan ku rubuta.

Ku sake duban madannan. Da yawa daga cikinku sun yi makarantar allo, suna da madannan Larabci a waya don rubuta addu'a, wasu kuma suna da na Hausa masu ƙ da ɗ da ɓ. Bayan sabuntawa, wayar tana iya fito muku da waɗanda ba ku zata ba. Lambar Larabci ٥ da lambar boko 5 duk biyar ne a wurin mutum, amma takardar ba ta san haka ba. Ku nemi alamar duniya a layin ƙasa, ku danna ta har haruffan boko su bayyana.

Yanzu ku rubuta a hankali, idonku ɗaya a littafi ɗaya a allo. Kowane harafi yakan tsaya na ɗan lokaci kafin ya koma ɗigo, ku gan shi kafin ku danna na gaba. Idan akwai alamar ido a ƙarshen akwatin, ku taɓa ta, kalmar za ta fito fili ku karanta. Idan wayar ta kawo muku shawarar wata kalma a saman madannai, kada ku taɓa ta, domin takan sauya abin da kuka rubuta ta kuma ƙara tazara a ƙarshe. Doguwar madanniyar da ke tsakiyar layin ƙasa ita ce mai sa tazara. Ba a ganin tazara da ido, amma ana ƙirga ta a matsayin harafi, saboda haka kada yatsanku ya sauka a kanta, ko a farko ko a ƙarshe.

Ku ƙirga ɗigogin. Idan kalmarku haruffa takwas ce, ɗigo takwas za ku gani. Idan tara ne, akwai abin da ya shiga ba da saninku ba, ku goge duka ku fara daga farko. Na ce duka, ba na ƙarshe kaɗai ba. Sannan ku danna OK ko Open.

Ta ƙi? Madalla, babu abin da ya ɓaci. Ita wannan takarda ba ta toshewa don an yi kuskure sau uku kamar katin cirar kuɗi, kuna iya gwadawa har ku gaji. Ku goge, ku dubi kibiya, ku dubi harshen madannai, ku rubuta a hankali, ku ƙirga ɗigogi. Ku lura da sifiri, wanda yake layin lambobi, da harafin O, wanda yake cikin haruffa. Haka kuma lamba 1 da ƙaramin l suna kama da juna ƙwarai a ƙaramin allo, musamman ga wanda ya bar tabaransa a gida.

Alhaji, Hajiya, zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba. Ina ganin yadda wasu suke danna OK sau goma a jere a kan kalma ɗaya ba tare da sun goge komai ba, suna ƙara ƙarfin yatsa, daga baya su miƙa wa jika wayar su ce yaro ya fi su sani. Ƙarfin yatsa bai taɓa gyara harafin da ya karkace ba, kuma jikan da kuka ba wa ya ga duk abin da ke asusunku. Kun zo wannan aji ne don ku daina miƙa wa wani takardunku. Ku goge, ku dubi kibiya, ku dubi harshen madannai, ku rubuta, ku ƙirga. Ku yi wannan sau biyar yanzu a kan takardar gwaji da aka tura wa ajin, har hannu ya saba.

Darasi na huɗu: Idan akwatin bai fito ba sam

Wani lokaci kuna taɓa takardar a cikin Gmail ko WhatsApp sai ku ga farin allo, ko saƙon da ke cewa ba za a iya buɗewa ba. Ku sauke ta cikin wayar tukuna: ku nemi kibiya mai kallon ƙasa kusa da sunanta ku danna. Daga nan ku shiga manhajar Files, a wasu wayoyin File Manager, ku buɗe Downloads. Ku danna takardar, idan wayar ta tambaye ku da me za a buɗe, ku zaɓi Adobe Acrobat Reader, ta kamfanin da ya ƙirƙiro PDF a 1993, ko kuma Drive. A iPhone, ku ajiye ta a Files ku buɗe daga can.

Tun daga Android 11, wanda ya fito a 2020, waya tana janye izinin manhajar da aka yi watanni ba a buɗe ba. Idan an tambaye ku izinin ganin fayil, ku danna Allow. Da zarar akwatin ya fito, ku koma darasi na uku, kibiya da ɗigogi.

Darasi na biyar: Sabunta manhajar

Idan waya ta sabunta amma manhajar tsohuwa ce, ba lallai su jitu ba. Ku shiga Play Store, ko App Store ga masu iPhone, ku rubuta sunan manhajar, ku danna Update. Ku tabbata kuna da data. Ku kashe wayar ku kunna, ku sake gwadawa.

Darasi na shida: Idan duk ya gagara

Kada ku ɗora takardar banki a shafukan intanet masu alkawarin cire kulli. Idan kun kai wayar wurin masu gyara a Circle, kasuwar wayoyi ta Accra, kada ku yarda a goge ta gaba ɗaya saboda takarda guda, hotunanku da lambobinku za su tafi, kullin kuma yana nan. Ku ɗauki Ghana Card ɗinku ku je reshen bankin, ku roƙi a faɗa muku tsarin kalmar, ko a buga muku bayanin a kan takarda.