Yadda na gyara dishi-dishin madubin likita

A ɗakin gwajin jini da nake aiki a Tawa, madubin likitanmu mai amfani da haske ya fara nuna ƙwayoyin jini dishi-dishi, musamman ta gilashin da ke ƙara girman abu sau 100, wanda da shi muke neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Lamarin ya dame ni ƙwarai, domin maganin da za a ba yara ya dogara da abin da muka gani.

Na fara juya gilashin ido, amma tabon da nake gani a hoton bai juya tare da shi ba, sai na tabbatar matsalar tana ƙasa. Da na kwance gilashin na 100, na tarar man da ake ɗigawa tsakaninsa da jinin da ake dubawa ya bushe a bakinsa, ƙurar hunturu ta manne masa. Wannan mai yana karya haske kusan daidai da gilashi, a ma'aunin 1.515, shi ya sa idan ya gurɓata hoton yake lalacewa. Na ɗiga ruwan wanke gilashi a takarda mai laushi da aka tanada domin haka, na goge a hankali daga tsakiya zuwa gefe, sannan na ɗaga matattarar hasken da ke ƙarƙashin farantin da ake ɗora jinin a kai.

Nan take jajayen ƙwayoyin jini, masu faɗin kimanin maikiromita 7 (maikiromita dubu ne ke yin milimita ɗaya), suka fito sarai, har zoben ƙwayar cutar ya bayyana shuɗi da ɗigon ja a rinin Giemsa da muke rina jinin da shi. Yanzu kullum kafin a tashi ana goge man, a lulluɓe na'urar.