Yadda Ake Gano Matsalar EGR a Injin Dizal na Manyan Motoci

Direba zai kawo tirela ya ce ta daina jan hawa, tana zuba baƙin hayaƙi, ko kuma ruwan lagireto na raguwa kullum ba a ga inda yake ɗiga ba. A gareji da yawa, da an ji haka sai a kwance bawul ɗin EGR a sayo wani, bayan mako biyu mota ta dawo da ciwonta. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Bawul ɗin ne ake gani cike da kabon, amma sau da yawa wani abu ne daban ya cika shi, ko kuma lafiyarsa ƙalau, sensa ce ke yi wa kwamfutar mota ƙarya. Don haka tsarin binciken ya fi kayan aikin muhimmanci.

Aikin EGR shi ne ɗebo wani kaso na hayaƙin da ya fito daga silinda, a bi da shi ta cikin kula, wato na'urar sanyaya hayaƙi, wadda ruwan inji ke sanyayawa, a gauraya shi da sabuwar iska a mayar cikin inji. Hayaƙin ba shi da iskar oksijin sosai, saboda haka zafin ƙonewar mai yana sauka, iskar NOx mai cutar da huhu ta ragu. Hayaƙin yana shiga kula da zafin da kan wuce digiri 500 idan mota na ɗauke da kaya. Kuma ba zai taɓa gudu zuwa ɓangaren shan iska ba sai matsinsa ya fi na iskar da turbo ke turowa. Ka riƙe wannan, domin shi ya sa matsalar turbo kan fito da sunan EGR.

Da farko, tabbatar injin yana da EGR

Ba kowace babbar mota ce ke da shi ba. A Amurka, injinan Cummins ISX da Detroit Series 60 sun fara zuwa da shi a 2002. A Turai kuwa, da ƙa'idar hayaƙi ta Euro 4 ta zo a 2005, MAN da Scania suka bi hanyar EGR, su Mercedes da DAF da Iveco suka bi ta AdBlue, wato ruwan magani da ake fesawa cikin hayaƙi don rage NOx. Daga Euro 6 akasarinsu sun haɗa biyun. Duba farantin inji, sannan ka bi bututun da ya taso daga manifol ɗin hayaƙi da idonka har inda ya shiga na iska.

Ka kuma lura da abin da ke motsa bawul ɗin. Na MAN da Scania iska ce ke tura shi ta ƙaramar silinda, na Cummins ISX motar lantarki ce, na Volvo D13 da Mack MP8 kuwa matsin man inji ne. Wanda iska ke turawa, tiyo ɗaya da ya tsage ko bawul ɗin lantarkin da ke sakar masa iska ya isa ya tsayar da shi. Wanda mai ke turawa, man da ya yi kauri saboda an wuce lokacin juye yana sa shi nawa.

Mataki na biyu: karanta lambobin kwamfuta kafin ka taɓa sifana

Haɗa na'urar gwaji, ka rubuta duk lambobin da ka gani, masu ci yanzu da tsofaffi, kafin ka goge komai. A tsarin J1939 da manyan motoci ke amfani da shi, lambar SPN ce ke nuna ɓangaren da ke da matsala: SPN 27 matsayin bawul ne, 2791 umarnin da ake tura masa, 411 sensar bambancin matsi, 412 zafin hayaƙin EGR, 2659 yawan hayaƙin da ke wucewa, 641 kuma na'urar juya fikafikan turbo. Lambar FMI da ke biye ita ce ke nuna inda za ka dosa: 3, 4 da 5 wuta ce, wato waya ko soket, 7 kuma na nufin an ba da umarni ƙarfe bai motsa ba.

Idan wuta ce, cire soket ka duba tsatsa da filogin da ya buɗe baki, ka auna da mita: bolt 5 ya kamata ya iso sensa, sigina kuma yakan tsaya tsakanin 0.5 da 4.5. Girgiza wayar da hannu kana kallon mita, musamman inda ta bi kusa da manifol, don nan zafi ke cinye robarta.

Mataki na uku: sensar bambancin matsi da ramukanta

A injinan da ke da ita, nan ne aka fi kama ɓarawon, kuma gyaran ba ya cin ko kwabo. Sensar tana zaune kan wani bututu mai ƙuntataccen wuya, ƙananan ramuka biyu na kawo mata matsi daga gaba da bayan wuyan. Da bambancin nan kwamfuta ke lissafa yawan hayaƙin da ya wuce. Idan rami ɗaya ya toshe, lissafi ya rushe: ko ta ɗauka hayaƙi bai isa ba ta wangale bawul har inji ya shaƙe, ko ta ɗauka ya yi yawa ta rufe.

Buɗe makulli ba tare da tayar da inji ba. Karatun sensar ya kamata ya kasance sifiri ko dab da shi, tunda babu abin da ke gudu. Idan ya nuna wani adadi mai yawa, cire ta ka sake dubawa tana rataye a soket. In ta koma sifiri, ramukan ne. Zura siririyar waya a cikinsu har ta fito cikin bututun, ka hura iska. Kada ka tsokani cikin sensar kanta, fatarta ba ta jure ko allura. A Cummins akwai wata sensar matsin hayaƙi mai ɗan siririn bututun ƙarfe, shi ma haka yake toshewa, a duba shi a zama ɗaya.

Mataki na huɗu: iska da turbo

Baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi alamun bawul ne da ya maƙale a buɗe, amma alamun yoyon iska ne kuma. Duba filtar iska tukuna, ballantana a lokacin hunturu. Sannan toshe bakunan intakula biyu, wato na'urar sanyaya iskar turbo, ka cika ta da iska zuwa psi 30. Ƙa'idar da aka saba aiki da ita ita ce kada ta zubar da fiye da psi 5 cikin daƙiƙa 15. Duba manifol ɗin hayaƙi ma: baƙin zane a gefen gasket ko noti da ya karye na nufin matsin da zai tura hayaƙi cikin kula yana zurarewa waje.

Idan turbo mai juya fikafikai ne, sa na'urar gwaji ta motsa shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Fikafikan da kabon ya riƙe ba za su tsuke ba, matsi ba zai taru ba, kwamfuta ta rubuta cewa EGR bai isa ba. A injinan MAN akwai wasu siraran faifan ƙarfe bayan kula da ke barin hayaƙi ya wuce amma ba ya dawowa. Idan ɗaya ya karye, iskar turbo ce ke komawa baya.

Mataki na biyar: yanzu ka zo kan bawul

Ba shi umarni da na'ura ya buɗe kashi 0, 25, 50, 75 da 100, kana kwatanta abin da aka umarta da abin da ya yi. Lafiyayye yana bi nan take ba tare da tsalle ba. In babu na'urar da ke iya haka, jira inji ya huce, ka kwance shi, ka ɗaga shi saitin haske. Idan haske na ratsa bakinsa yana rufe, ba ya zama. Kada ka sa yatsa a ciki soket na haɗe, motarsa tana iya datse shi.

Tsaya ka kalli dattin da kyau kafin ka wanke, domin shi ne zai faɗa maka asalin ciwon. Busasshen baƙin gari mai kakkaɓuwa kamar kunkunniyar madafi, kabon ne na yau da kullum. In ya yi yawa ƙwarai, zargi nozul ko ƙarancin iska. Mai danƙo kamar kwalta, wanda ke manne wa sukundireba, ya haɗu da mai: ko turbo na zubar da man inji, ko nozul na ɗigar da gas da bai ƙone ba, ko kuma motar tana kwana a silo, wato inji na aiki tana tsaye, irin na masu bin layin lodi a Apapa. In kuwa ka ga wuri ya wanku tas kamar an goge, ko farin ɓawo kamar kanwa a bakin bututu, ruwa ne ya bi ta nan, kula ta fashe.

Wanke bawul da maganin narkar da kabon da buroshi, kada ruwa ya taɓa ɓangaren lantarki. Idan sandarsa na lilo a gefe ko bakinsa ya cinye, wanki ba zai yi ba, sai sabo.

Mataki na shida: kula

Wannan ce mai kashe inji, don haka ba a gaggawa da ita. Alamunta ruwa na raguwa ba yoyo a ƙasa, farin hayaƙi mai ɗan ƙamshin zaƙi a salansa, tiyon lagireto ya yi tauri, tankin ruwa na amai. Alamun gasket ɗin kan silinda ma ke nan, kuma an sha sauke kan silinda a banza saboda wannan kamar.

Idan kana zargin ruwa ya shiga silinda, kada ka murza makulli. Juya inji da hannu zagaye biyu cikakku. In ya cije, ruwa ne a kan fistin, sitata kuma zai lanƙwasa sandar fistin nan take.

Inji na sanyi, kwance bututun fitar hayaƙi daga kula, ka ɗaura famfon gwaji a bakin tankin ruwa, ka hura zuwa adadin da aka rubuta a murfin, yawanci wajen psi 15. Bar shi minti 20 zuwa 30, kana haska cikin kula da tocila. Digo ko danshi ya isa hujja. Amma rashin ganinsa bai wanke ta ba, don wata tsagar ba ta buɗewa sai ƙarfe ya ɗau zafi. Sai a sauke ta, a toshe bakunan hayaƙinta biyu da faranti da roba, a hura iska daidai matsin da littafin injin ya ce, a nutsar da ita cikin ruwan zafi a rabin duro, a bar bakunan ruwanta a buɗe. Jerin ƙananan kumfa da ke tasowa ba tsayawa, ta tafi. In ta tsira daga wannan gwaji kuma har yanzu hayaƙi na shiga ruwa, sannan ne za a waiwayi kan silinda.

Kula da ta toshe kawai ana iya ceto ta. Jiƙa cikinta da maganin kabon na wasu sa'o'i, ɗauraye ta sabanin hanyar da hayaƙi ke bi, busar da ita sarai. Kada a babbaka ta da wuta kamar yadda ake yi wa salansar babur, waldar siraran bututunta ba za ta jure ba. Wadda ta fashe a ciki kuwa, kai ta wurin mai walda gyaran gangar Auzinawa ne.

Abubuwa uku ke fasa ta a hanyoyinmu. Na ɗaya ruwan rijiya ko na famfo a madadin kulan, wato ruwan maganin sanyaya inji: yana barin ɓawo a jikin bututun, wurin ya yi zafi fiye da kima ya tsage. Na biyu cire tamostat, wanda da yawa ke yi da sunan maganin zafi: inji ya daɗe bai ɗumama ba, tururin cikin hayaƙi ya koma ruwa a cikin kula. Na uku ingancin gas. An ƙera sababbin injinan nan don man da sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce ppm 10 (kashi 10 cikin miliyan) a Turai ko 15 a Amurka ba, alhali Najeriya ta daɗe tana yarda da mai ppm 3,000 kafin ƙasashen ECOWAS su amince da 50 a 2020. Sulfa in ya haɗu da wancan danshin asid yake zama, ya ci ƙarfe daga ciki. Gas ɗin jarka na bakin hanya kuwa, Allah kaɗai ya san abin da ke cikinsa.

Toshe shi da faranti fa?

A matsayin gwaji na 'yan mintoci yana da amfani: in ka toshe hanyar, baƙin hayaƙi ya ɗauke, ƙarfi ya dawo, ka tabbatar bawul na yoyo. A matsayin gyara kuwa, a'a. Kwamfuta za ta ga hayaƙi bai wuce ba ta rage ƙarfin mota, a masu turbo mai juya fikafikai kuma ta ci gaba da tsuke su tana neman matsi har turbo ya wahala. Ga NOx da ke ƙaruwa a hancin mutanen gari, kuma a Amurka da Turai laifi ne a doka.

Mayar da kaya

Sa sababbin gasket, ka ɗaure notuna da ma'auni daga tsakiya zuwa gefe, kada ka tilasta bututu ya zauna da ƙarfin noti. Idan ruwa ya shiga man inji, a yi juye a canza filta, a kuma duba matatar hayaƙi ta DPF in motar na da ita, don kulan na toshe ta. Zuba kulan da aka gauraya rabi da rabi da tataccen ruwa, ka fitar da iska sarai ta notunan da aka tanada don haka. Iskar da ta maƙale a cikin sabuwar kula tana iya fasa ta a tafiyar farko. In an canza bawul ko na'urar turbo, wasu injinan sai an yi musu saiti da na'urar gwaji kafin kwamfuta ta san iyakar buɗewa da rufewarsu.

Daga nan goge lambobi, a fita da motar da kaya a hanya mai hawa har inji ya kai zafin aikinsa, kana kallon matsayin bawul, bambancin matsi da zafin EGR suna hawa da sauka tare da totur. Washegari da safe, kafin a tayar da ita, buɗe murfin tanki ka duba ko ruwan na nan inda ka yi masa alama.