Yadda ake sauraron faifan Persuasive Percussion

Na sha ganin mutum ya kunna faifan nan a waya, ko a 'yar sifikar Bluetooth guda ɗaya, sannan ya ce bai ji abin yabo ba. Ina zai ji? Enoch Light, wani shugaban makaɗa, ya fitar da shi a Amurka a 1959 a kamfaninsa na Command, lokacin sitiriyo, wato sautin da aka raba hagu da dama, na sabon shiga kasuwa. Terry Snyder da makaɗansa ne suka yi kiɗan, an kuma tsara shi ne yadda bongo zai buga ta hagu, wata ganga ta amsa ta dama. Sifika ɗaya tana cakuɗa su wuri guda.

Da farko, in faifan garmaho za ka saya, duba bangon, fari ne mai ɗigo-ɗigon baƙi, zanen Josef Albers. Tabbatar an rubuta sitiriyo, don akwai bugun mono, wanda ba a raba sautinsa hagu da dama ba. Kada ka ɗora masa tsohuwar allurar mono, cinye layin faifan take yi. 

Sai sifiku. Raba su kamar taku uku, kai ma ka zauna taku uku daga kowacce, suna kallonka, daidai kunne. Ban yarda da ajiye su a ƙasa ko a lungu ba.

Inda na sha wuya shi ne wayoyin haɗa sifiku. Kowace sifika tana da ja da baƙi. Ja ya tafi ja a amfilifaya, baƙi ya tafi baƙi, duka ɓangarorin. Na taɓa juya na sifika ɗaya ban sani ba. Sauti yana fita, shi ya sa ba ka zargin komai, amma nauyin ganga ya zube, abin da ya kamata ya tsaya a tsakiya sai yawo yake. Mako guda ina ɗora wa faifan laifi. Gwajin ba wuya: haɗa sifikun fuska da fuska, ka saurara, ka kashe amfilifaya, ka juya ja da baƙin sifika guda ɗaya, ka sake saurara. Haɗin da ya fi ba da nauyi shi ne daidai.

Saura kuma, sa saurin juyin faifai a 33, maɓallin daidaita hagu da dama a tsakiya, bas da tirebul, wato maɓallan kaurin sauti da sirantarsa, a bar su yadda suke. Goge ƙura, kashe fanka, ka fara da fuskar farko.